Autana ya sa hannu zai shiga jirgin ƙarƙashin teku, ku faɗa min gaskiyar zaman ciki

Maman Auta, Malali:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon maganata, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. A kan autana ne. A Amurka aka haife shi lokacin da marigayi mahaifinsu yake karatu a can, muka dawo da shi yana ɗan shekara biyu, a nan Kaduna ya yi firamare da sakandare, a islamiyyar unguwarmu ya sauke. Bayan rasuwar sai dangin uban suka yi ta jan maganar gado, shekara huɗu ana abu ɗaya, yau a ce a sayar da gida gobe a ce a bari, har sai da aka je gaban alƙali, kuma abin da ya zo hannunmu bai kai rabin abin da mutane suke zato ba. Ga yayyensa mata biyu da na aurar a shekara ɗaya, kun san kayan ɗaki yanzu. Ya rubuta JAMB sau biyu bai samu kwas ɗin da yake so ba, ya fara zaman majalisa da yaran da ban yarda da su ba. Shi ya sa da baffansa na can ya ce a turo shi tunda yana da fasfo, ban tsaya dogon tunani ba, na sayar da filina na Mando na yi masa kuɗin jirgi.

Shekararsa biyu a can. Kuɗin jami'a ya gagara. Ranar Juma'a ya kira ni ya ce ya je ofishin ɗaukar sojan ruwa, ya ci jarrabawarsu, kuma ya sa hannu a takardar masu son aiki a jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, wai akwai ƙarin kuɗi. Na sa masa albarka kafin in gane abin da na sa wa albarkar. Ni ba hanyar hana shi nake nema ba. So nake in sani: da me suke numfashi? Ina suke kwana? Me suke ci? Sallah fa? Zan dinga jin muryarsa? Kuma me zan haɗa masa in aika?

Injiniya, Barnawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Zan faɗi abin yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Ki fara da girman wurin. Jirgin kai hari samfurin Bajiniya, wanda Amurka ta fi ƙerawa yanzu, tsawonsa ƙafa 377, faɗinsa ƙafa 34. Wato ki jera fuloti huɗu a tsaye, amma faɗin bai kai na fuloti ɗaya ba. Kusan rabin wannan tsawon injin ne da tukunyar nukiliya. A ragowar ne mutum sama da 130 za su kwana, su ci, su yi wanka, su yi aiki, tare da makamai da na'urori. Babu taga ko ɗaya. A lungu in mutum biyu suka haɗu sai kowa ya juya gefe su wuce.

Gado hawa uku ne, kamar kantar shago. Tsawonsa ƙafa shida da ɗan abin da ba a rasa ba, faɗinsa ya ɗan haura ƙafa biyu, tsakanin katifa da gadon sama kamar inci 18. Ba a zama a kai, mirginawa ake yi a shiga. Labule ɗaya ne sirrinsa duka. In ya ɗaga katifar akwai wani faranti mai zurfin inci kaɗan, nan ne akwatinsa, nan ne durowarsa, kayan wata shida a nan za su shiga. Kuma sabon shiga a irin wannan jirgin sau da yawa ba ya samun gadonsa shi kaɗai: mutum uku suke raba gado biyu, wanda ya sauka daga aiki ya kwanta a inda wanda ya tafi aiki ya tashi, katifar da ɗuminta. Wasu kuma a ɗakin makamai ake shimfiɗa musu, kusa da topido, wato makamin da ake harba wa jirage ta cikin ruwa.

Iska daga ruwan teku ake yin ta. Ana tace ruwan a cire gishiri, a sa masa lantarki ya rabu biyu, oksijin a sake shi cikin jirgi, haidurojin a tura shi waje. Iskar da mutane suke fitarwa kuma akwai injin da yake tsotse ta da wani sinadari da ake kira amin, shi ne mai warin nan da yake kama tufafi da gashi da littafi, in yaro ya dawo gida wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Akwai wani injin na uku da yake ƙone iska mai guba da ragowar haidurojin. In injin oksijin ya lalace akwai wasu gwangwanaye da ake kunnawa su yi ta fitar da oksijin, da kuma tankunan ajiya. Da gangan ake riƙe oksijin ƙasa kaɗan da na waje saboda gobara, ita kuma iskar da ake fitarwa ta ninka ta waje sau da yawa, shi ya sa ake fama da ciwon kai da kasala, ƙaramin rauni ma yakan daɗe bai warke ba.

Ruwan sha akwai, amma injin jirgi ne yake fara ɗiba, sai kicin, sai mutane. Wanka: ka buɗe famfo ka jiƙa jiki, ka rufe, ka sa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye, ka goge bangon banɗakin ka fita. Wanki sau ɗaya a mako, kowane sashe da ranarsa.

Aiki kuma awa 8 a bakin duti, awa 16 na sauran abubuwa. Da can awa 6 ne aiki, awa 12 hutu, wato ranarsu awa 18 ce, tana wargaza barci, sai wajen 2014 aka koma ranar awa 24. Amma kada awa 16 ɗin ta ruɗe ki. A cikinta ake gyaran inji, shara, atisayen gobara da na ɓallewar ruwa, da karatu. Sabon shiga yana da kamar shekara ɗaya ya san kowane bututu da kowane bawul na jirgin, ya zana su da ka, manya su yi masa tambayoyi su sa hannu, kafin a maƙala masa alamar kifin dolfin a ƙirji. Kafin nan ba shi da daraja a idon kowa, in ya yi baya a karatun ko kallon fim ba a barinsa. Kuma yawanci zai yi makonni yana wanke-wanke da goge tebura a kicin.

Maman Auta, Malali:
Innalillahi. Gado ɗaya da wani? Yaron da ko tawul ba ya haɗawa da kowa. Amma shi ya ce min an faɗa masa kowa da gadonsa.

Injiniya, Barnawa:
Ya danganta da jirgin, Hajiya, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata ki yi masa tun ranar Juma'ar. Iri biyu ne. Akwai na kai hari, wanda na kwatanta, shi yakan yi tafiyar wata shida yana ɗan tsayawa a tashoshi, jadawalinsa kuma yana canzawa ba sanarwa. Akwai manya samfurin Ohayo masu ɗaukar makamai masu linzami, tsawonsu ƙafa 560, faɗi ƙafa 42, mutum kamar 155. Su rukunin ma'aikata biyu gare su, wannan ya fita sintiri na kwana 70 da wani abu, ya dawo ya miƙa wa ɗayan. A nan ne aka fi samun kowa da gadonsa, ɗakunan kwanan ma a tsakanin bututun makaman suke. Sai dai su ba sa yawon tashoshi, in sun nutse sun nutse. Mai ɗaukar aiki ba shi ne yake raba jirgi ba. Yaro zai rubuta zaɓinsa, rundunar ta tura shi inda take da giɓi. Ni shawarata ya rubuta Ohayo a farko, ya fi sauƙi ga mai son tsari da ibada a kan lokaci.

Ɗan Rigasa:
Wato dai ruwa kullum, wuta ba ɗaukewa, ga abinci, kuma a biya ka da dala? Hajiya ki tambayar min ko suna neman ƙari. Mu nan muna saman ƙasa muna ganin rana, amma kurar ruwa ta fi ƙarfin talaka, wuta kuwa sai dai mu ji labari. Gado ɗaya mutum biyu ai a wasu gidajen hayar unguwar nan gata ne.

Tsohon Sojan Ruwa, Kawo:
Ɗan Rigasa ana maganar rai kana maganar mai ruwa. Hajiya, ni ban yarda da Injiniya ba a kan ya zaɓi wannan ko wancan. Ya janye daga aikin nutsewar gaba ɗaya ya nemi jirgin saman ruwa. Aikin ƙarƙashin teku a can na sa-kai ne, ba a tilasta wa kowa, kuma muddin bai tafi sansanin horo na kusa da Shikago ba, ƙofar canza magana a buɗe take. Bayan ya tafi ne abin yake zama da wuya, kuɗin da aka ba shi na shiga ma in bai cika sharaɗin ba sai a karɓe. Ki tambaye shi shekara nawa ya sa wa hannu. In ɓangaren injin nukiliya ne, shekara shida ce, kusan biyun farko karatu ne mai zafi, yawancinsa a Karolina ta Kudu, yara da yawa suna faɗuwa a hanya.

A jirgin sama da ruwa in abu ya faru akwai inda za ka yi tsalle. A ƙasa kowace mita 10 nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda, a mita 200 ƙaramar huda sai ta feso ruwa da ƙarfin da zai ji wa mutum rauni. Ga jiragen da suka halaka da mutanensu: Kursk na Rasha a 2000, mutum 118. San Juan na Ajantina a 2017, mutum 44. Nanggala na Indonesiya a 2021, mutum 53. Babu wanda ya fita.

Abin da yake ƙona min rai shi ne ga NDA nan a Afaka tun daga gidanku motar haya biyu ce, makarantar da take horar da hafsoshi tun 1964, ga makarantar makamai ta sojan ruwa a Kachia, ga Onne ga masu shiga a ƙananan ma'aikata, amma yaranmu masu ƙwaƙwalwa sai su tafi su yi wa wasu bauta. In an buɗe ɗaukar aiki ka je ka ga yadda gurbin jihohinmu yake, iyaye ba sa turawa, wai ruwa ba namu ba ne. Kuma tunda magana ta zo, rundunar sojan ruwan Najeriya ba ta da jirgin ƙarƙashin teku ko ɗaya. A Afirka Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne suke da su a bakin aiki. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sa ɗanka a sashen nutsewa a nan ƙasar, ɗan damfara ne.

Injiniya, Barnawa:
Ranka ya daɗe, ka lissafo na wasu ƙasashe ka bar na ƙasar da yaron zai yi wa aiki. Amurka ta rasa Thresher a 1963 da mutum 129, ta rasa Scorpion a 1968 da mutum 99. Bayan Thresher aka kafa tsarin binciken kowace walda da kowane bututun da ruwan teku yake bi, da takarda da sa hannu. Tun 1968 babu jirginta na ƙarƙashin teku da ya sake halaka da mutanensa a ƙasan teku. An yi karo da dutsen ƙarƙashin teku a 2005, mutum ɗaya ya rasu, jirgin ya dawo. San Juan da Nanggala tsofaffin jiragen dizal da batir ne, wani abu ne daban. Idan tsoro za a ji, a ji na gobara: shi ya sa ko'ina a jirgin akwai bututun iska da ake jona abin rufe fuska, ana koya wa yaro ya lalubo su ido a rufe. Maganar hasken nukiliya kuma da mutane suke tsoro, kowa yana ɗauke da ɗan abin awo a ɗamararsa, kuma abin da yake samu yawanci bai kai na mai yawo a rana a saman ƙasa ba.

Tsohon Sojan Ruwa, Kawo:
Lissafi a takarda daban, uwa da take jiran waya daban.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:
Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Sallah ba ta faɗuwa saboda rashin ganin rana. Malamai sun yi bayanin wanda yake wurin da alamomin lokaci suka ɓace masa, hujjarsu hadisin kwanakin Dujal, inda aka yi umarni a ƙaddara lokaci. In zai iya sanin lokacin wurin da jirgin yake, shi zai bi. In ba zai iya ba, ya riƙe jadawalin tashar da suka baro, ya raba sallolinsa biyar a cikin awa 24. Alƙibla ya yi iya ƙoƙarinsa, in ta ɓace masa ya yi ijtihadi ya yi sallarsa. Alwala mudu ɗaya na Annabi ya ishe ta, bai kai lita ɗaya ba, saboda haka ƙarancin ruwa ba uzuri ba ne. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi. Azumi yana da rangwamen ya sha ya rama. Ko a 2007 da wani ɗan Malesiya ya je tashar sararin samaniya, malaman ƙasarsu sun zauna sun tsara masa yadda zai yi, to balle cikin ruwa.

Matsalar ba hukunci ba ce, wurin sujada ne da kuma nama. Kicin ɗaya ne, mai dafa abinci ba zai ware masa tukunya ba, naman alade yana cikin abincinsu na yau da kullum. Ya koyi tambaya, ya riƙe kifi da ƙwai da wake da shinkafa da burodi. Amma ni abin da ya fi tsaya min, Injiniya yana cewa ya zaɓi Ohayo saboda gado. Jirgin da aikinsa ɗaukar makaman da za su shafe birane ne. Musulmi ya tsaya ya tambayi kansa a kan wa za a harba, kafin ya tambayi faɗin katifa. Ban ce na yanke hukunci ba, amma ba maganar da za a tsallake ba ce.

Injiniya, Barnawa:
Allah ya gafarta Malam, to ai na kai harin su ne ma aka fi harba makamansu a yaƙe-yaƙen da aka yi, na nukiliyar ba a taɓa harba su a yaƙi daga jirgin ruwa ba. In wannan ce damuwar, babu wanda ya tsira a cikin biyun, har jirgin saman ruwan da ake ce masa ya koma. Wurin sallah kuma ana samu. Tsakanin injuna a baya, ko ɗakin makamai, ko tsakanin bututun makamai a Ohayo. Babu limami ko malamin addini a jirgin, sai dai ya gaya wa shugaban sashensa tun ranar farko, da ladabi, a san mintunan da zai ɗauka. Agogon jirgi in an yi nisa yawanci a kan lokacin Girinwic ake sa shi, awa ɗaya ke nan bayan na Kaduna, kuma fitilar ɗakin kwana kusan kullum a kashe take. Da abincin da aka zuba yake gane safiya ce ko dare. Saboda haka agogon hannu mai ƙararrawa marar ƙara, da jadawalin sallah a takarda, sun fi masa duk wata manhaja, don waya ba za ta yi masa wannan aikin ba.

Hajiya, sai tambayarki ta ko za ki dinga jin muryarsa. Ba za ki ji ba. In sun nutse babu kira, babu WhatsApp. Saƙon imel ne kawai, rubutu zalla ba hoto, ana tara shi sai jirgi ya matso sama ya ɗaga eriya, kuma ana karantawa kafin a ba shi. Wani lokaci makonni shiru, shirun kuma ba alamar matsala ba ce. Ba zai gaya miki ranar fita ko ranar dawowa ba, kada ki matsa, kada kuma ki rubuta a zaure irin wannan in kin sani. Labarin rasuwa ta hannun kwamanda yake bi, kuma ko an gaya masa ba lallai a iya fito da shi ba.

Maman Auta, Malali:
Malam na gode, amma yaron nan ba don ya harbi kowa ya shiga ba, karatu yake nema, an ce in ya gama su za su biya masa jami'a. Baba na Kawo kuma, ai ya nemi NDA ɗin, bai samu ba, yanzu shekarunsa ma sun kusa wucewa. Da ya zauna a majalisa yana shaye-shaye fa? A can ɗin aƙalla na ji an ce babu giya babu sigari.

To kayan fa? Na riga na sa a yi masa kilishi da dambun nama, da turaren wuta saboda warin da Injiniya ya ce, da man zafi, da abin shaƙarsa na ƙirji ko guda shida ne, don in ya ƙare masa a can ƙasa ina zai samu.

Injiniya, Barnawa:
Giya an hana ta a jiragen sojan ruwansu tun 1914, sigari a jirgin ƙarƙashin teku tun ƙarshen 2010, wannan gaskiya ne. Kilishi da dambu ki raba wa maƙwabta, kwastan na Amurka ba sa barin nama daga nan ya shiga. Turaren wuta kuwa ko kusa, duk abin da yake hayaƙi ko ake fesawa haramun ne a jirgi, don iskar ɗaya ce take zagayawa. Yaji a roba mai murfi zai yi masa amfani, domin kayan ɗanye kamar ganye da madara da 'ya'yan itace mako biyu suke yi su ƙare, daga nan sai na gwangwani da na firiza da na gari. Ana loda abincin kwana 90, har a kan daɓe ake jera gwangwanaye a shimfiɗa katako a yi ta tafiya a kai. Ki haɗa masa da safa da singileti masu yawa, takalmi mai taushin ƙasa saboda ba a son ƙara, rigar sanyi don gaban jirgi sanyi gare shi saboda na'urori, silifa na wanka, da ƙwayar bitamin D in likitansu ya yarda.

Nas, Unguwar Dosa:
Ku dakata. Hajiya, wane abin shaƙa? Asma gare shi?

Maman Auta, Malali:
Ba asma ba ce irin ta kwanciya asibiti. In hazo ya sauko ne kawai ƙirjinsa yake ɗan toshewa, ya shaƙa sau biyu ya wuce. Tunda ya je can ma sau ɗaya ya tashi masa. Baffansa ya ce kada ya rubuta a fom, tunda a nan Kaduna aka yi ta maganin babu wanda zai gani.

Nas, Unguwar Dosa:
Hajiya, wannan ce maganar da ya kamata ta zo a layin farko, ba gado da fili ba. Abin da kika kwatanta shi ne asma. Ƙa'idar da sojansu suka daɗe a kai, asmar da ta ci gaba bayan yaro ya cika shekara 13 tana hana ɗauka sai in an yi gwajin huhu an ba shi rangwame a rubuce, kuma tantancewar masu nutsewa ta fi ta sauran tsanani. Dalili a fili yake. Babu likita a jirgin. Ma'aikacin lafiya ɗaya ne mai horo na musamman, da ɗan kabad na magani, teburin cin abinci ne gadon aikinsa in ta ɓaci. Shi ya sa suke duba haƙori sosai har su cire turamen can ciki masu alamar matsala, suke tambayar tsakuwar ƙoda, da ciwon kai mai tsanani, da tsoron matsattsen wuri. Fito da marar lafiya yana nufin jirgi ya bar aikinsa ya taso sama, wani lokaci kwanaki kafin a kai inda helikwafta zai iso. Yanzu ki haɗa ƙirjin da ƙura take toshewa da iskar da take ɗauke da amin da tururin mai da hayaƙin dizal in an tada janareta, da atisayen da zai yi awa yana numfashi ta abin rufe fuska. Kuma a makarantarsu ta Giroton akwai horon fita daga jirgi ta cikin dogon tankin ruwa, mutum yana tasowa iskar huhunsa tana faɗaɗa. In hanyar iska ta tsuke ba ta fita, huhu yana iya yagewa. Wannan ba a wasa da shi.

Kuma ya tashi masa sau ɗaya a can, wa ya rubuta masa magani? In asibiti ya je ko kantin magani, tun 2022 suna da tsarin kwamfuta da yake janyo tarihin magungunan mai neman shiga. Ɓoye ciwo a fom laifi ne a dokar soja, ana korar mutum a kai, kuɗin jami'ar da kike hange ya tafi. Wannan ɗabi'ar tamu ta ɓoye ciwo ta ishe ni wallahi, a aure a ɓoye sikila, a aiki a ɓoye farfaɗiya, sai abu ya lalace a zo ana kuka a ce ma'aikatan lafiya ba su yi ƙoƙari ba. Ya koma ya faɗa da bakinsa, a yi masa gwajin, in ya ci ya ci.

Tsohon Sojan Ruwa, Kawo:
Kun ji ko. Na ce ya nemi saman ruwa.

Nas, Unguwar Dosa:
Baba, saman ruwan ma sai ya faɗa. Fom ɗaya ne.

Injiniya, Barnawa:
A nan Nas ta fi ni gaskiya, kuma abin shaƙa guda shida ba zai ɓoyu a farantin ƙarƙashin katifa ba, ana duba kaya, magani kuma sai da sanin ma'aikacin lafiya. Amma ban ce a yanke ƙauna ba. In shekarun baya ne abin ya tsaya kuma gwajin huhu ya fito lafiya, ana ba da rangwame. Hajiya, yaushe ne na ƙarshen, kuma wane sashe ya sa wa hannu, inji ko na'urar sauraro ko kicin? Kuma ranar tafiyarsa sansanin horo fa? Sau uku ke nan ana tambayar nan ta hanyoyi daban-daban.

Maman Auta, Malali:
Sashen ban riƙe sunansa ba, da Turanci ya faɗa. Tafiyar ya ce bayan ƙaramar sallah. Ni dai na san yarona, ƙwallo yake bugawa awa biyu ba ya haki, kuma ai Injiniya da kansa ya ce babu ƙura a can ƙasa, iskar tacewa ake yi, wataƙila ma ta fi masa ta Kaduna. In ya je ya faɗa suka ƙi shi, ku ne za ku biya masa makarantar? Baffansa ya fi shekara ashirin a ƙasar, ya san yadda ake yi. Zan dai gaya masa maganar turaren da kilishin.

Injiniya, Barnawa:
Ban ce ta fi ta Kaduna ba, Hajiya. Ki sake karanta abin da na rubuta a kan iskar.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:
Akwai rantsuwa a kan fom ɗin nan ko babu? A tambayi yaron.

Ɗan Rigasa:
Hajiya in kilishin ya rasa mai ci, ina nan kusa da tashar jirgin ƙasa.

Maman Auta, Malali:
Yanzu ƙarfe huɗun asuba ne a wajensu, sai anjima zan kira. Yajin na daddawa zan sa ko na kuli, wanne ya fi daɗewa bai lalace ba?